Idon yarona ya manne da kwantsa: Apolo ne ko wani ciwo daban?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Sadik ɗina, shekararsa 4, yau kwana biyu ke nan idonsa na dama ya yi ja. Jiya da asuba na tashe shi na tarar idon ya manne gam, gashin idon duk ya haɗe da kwantsa, sai da na jiƙa auduga da ruwan ɗumi na dinga gogewa a hankali kafin ya buɗe. Ba irin kwantsar barci ba ce, mai kauri ce ruwan ɗorawa, in na goge ba a jimawa wata ta sake taruwa. Yau na ga na hagun ma ya fara. Yana wasansa yana cin abinci, amma daren jiya ya yi ta jan kunnensa yana kuka. Maƙwabciyata ta ce Apolo ne, in ɗiga masa ruwan sukari. Babansa kuma ya ce a je kemis kawai. Ni dai hankalina ya kasa kwanciya.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Apolo ne, kada ki ɗaga hankalinki. In akwai mai shayarwa a gidan ta tatsa masa nono a idon safe da yamma. Da shi muka raini namu.

Baban Ilham:
Allah ya sawwaƙe. Ni kemis gare ni, shekara 11 ina wannan sana'a. Irin wannan kullum ana kawo mini. Ki samu chloramphenicol na ɗigawa, maganin kashe ƙwayar bakteriya ne, kwana biyar ya warke da yardar Allah. Ruwan sukari dai kada ki kuskura.

Sista Maman Nana:
Sannu Maman Sadik. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido. Kafin a kai ga maganar magani, amsa mini waɗannan. Yana susar idon sosai? In ya fita rana yana runtse ido yana ɓoye fuska? Ya ce miki idon na masa zafi ko bai gani sosai? Ki haska masa tocila daga gefe ki dubi baƙin idon, garau yake yana sheƙi, ko akwai wani farin tabo ko hazo-hazo? Sannan ki shafa gaban kunnensa, daidai inda muƙamuƙi ya haɗu, ki ji ko akwai ɗan kaluluwa. Akwai zazzaɓi?

Maman Sadik:
Na gode Sista. Yanzu na duba. Ba ya susa sosai, sai dai ya murza in kwantsar ta dame shi. Yana tsakar gida yanzu haka cikin rana, bai damu ba. Baƙin idon garau yake. Ban ji kaluluwa ba. Jikinsa da ɗan ɗumi, ba can ba.

Sista Maman Nana:
Alhamdu lillahi, amsoshin nan sun kwantar mini da hankali. Abin da kika kwatanta ya fi kama da na ƙwayar bakteriya: kwantsa mai kauri da ke dawowa in an goge, ido ya manne da safe, babu ƙaiƙayi. A ƙananan yara kuwa bakteriya ce ta fi kawo irin wannan jan idon, saɓanin manya da bairos ya fi kamawa. Na bairos yawanci ruwa-ruwa ne, hawaye ya yi ta zuba, ga mura da ciwon maƙogwaro, sau da yawa da kaluluwar da na ce ki shafa.

Kunnen nan shi ya fi tsaya mini a rai. Akwai wata bakteriya, Haemophilus influenzae, da ta saba kama ido da kunne lokaci guda a yara masu shekarun Sadik. In ta shiga kunne, maganin ɗigawa a ido ba zai kai can ba, likita kan rubuta na sha. Don haka ki kai shi a leƙa kunnen da fitilar duba kunne, ko asibitin unguwa ne.

Hajiya, ki gafarce ni, uwa ce ke a wurinmu. Nono abinci ne mai albarka, amma ba maganin idon da ke mugunya ba ne. Babbar illarsa ita ce jinkirin da yake jawowa, ana ɗigawa ana jiran sauƙi har kwana uku su wuce.

Hajiya Kaka:
To 'yata, na ji. Amma 'ya'ya tara na haifa, babu wanda idonsa ya lalace.

Abban Fa'iz:
Hajiya gaskiya kika faɗa, kuma akwai dalili. Yawancin irin wannan ciwon yakan warke da kansa cikin mako guda zuwa kwana 10, ko an sa nono ko ba a sa ba. An yi wani bincike a yankin Oxford ta Ingila, aka buga shi a mujallar Lancet a 2005. Yara 326 ne, aka ba rabi chloramphenicol, rabi kuma aka ba su ɗigon da babu magani a ciki. Zuwa kwana 7, kashi 86 cikin ɗari na masu magani sun warke, na marasa magani kashi 83. Kun ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa ni ban yarda da maganar Baban Ilham ba, cewa duk jan ido a miƙa chloramphenicol. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, ina ganin yadda ƙwayoyin cuta ke daina jin magungunan da muka saba da su saboda yawan amfani barkatai.

Baban Ilham:
Malam Abban Fa'iz, Ingila daban nan daban. Matar da ta zo mini da yaro a goye da 'yan canjinta a ƙulle a bakin zani, in na ce ta tafi asibiti ta yanki kati ta bi layi, wallahi ba za ta je ba. Gida za ta koma ta ɗiga masa ruwan albasa ko abin da ya fi shi muni. Gara in ba ta abin da na san ba zai cutar ba.

Sista Maman Nana:
Kowannenku yana da gaskiyarsa. Yaran binciken nan daga wata 6 zuwa shekara 12 ne, babu jarirai a ciki, kuma yara ne masu ƙoshin lafiya da likita ya riga ya duba ya tabbatar ba wani abu mai hatsari ba ne. Yaron da ya tashi daga ƙyanda, ko mai tamowa, ba za a yi masa wannan lissafin ba, don ƙarancin bitamin A kan sa baƙin idonsa ya yi gyambo cikin 'yan kwanaki.

Baban Ilham, ni damuwata ba chloramphenicol ɗin ba ce. Damuwata a miƙa shi ba tare da an dubi idon ba. Sau nawa ake aiko maka yaro da kuɗi a ce "a ba da maganin ciwon ido," mara lafiyan na gida?

Baban Ilham:
Wannan kam kullum ne, ba zan musa ba.

Ummu Abdallah:
Ku bari in faɗi abin da ya same ni, ko wata za ta tsira. Abdallah tun yana shekara 6 yake fama da ƙaiƙayin ido, musamman in zafi ya shigo da ƙura. Farin idonsa har ya koma ruwan ƙasa, yana fitar da wata kwantsa fara mai yauƙi kamar zare. Wani mai kemis ya ba mu wani ɗigo, wallahi kamar yankan wuƙa, kwana biyu ido ya washe. Sai na riƙe kwalin. Duk sanda ya taso in aika a sayo. Kusan shekara biyu muna haka. Malaminsu ne ya lura yaron na matsowa jikin allo yana kuma tuntuɓe da benci. Da muka je asibitin ido aka auna, aka ce hawan jinin ido ne, kuma maganin ne ya jawo, akwai sinadarin siteroyid a cikinsa. Ciwon nasa tun farko alaji ne, ba ƙwayar cuta ba. Idon hagu ganinsa ya ragu, likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Har yau in na ga yana karkata kai don ya karanta Alƙur'aninsa sai zuciyata ta karye, da hannuna na dinga ɗiga masa.

Maman Sadik:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, Allah ya tsare masa ɗayan. Ba laifinki ba ne Anti, ba ki sani ba.

Sista Maman Nana:
Allah ya saka miki da alheri da kika faɗa, Ummu Abdallah. Kowa ya ɗauko kwalin maganin idon da ke gidansa ya karanta. In kun ga an rubuta dexamethasone, betamethasone, prednisolone ko hydrocortisone, waɗanda duk siteroyid ne, ko da an haɗa shi da wani maganin, kada ya shiga idon yaro sai likitan ido ne ya rubuta kuma yana bibiya. In akwai gyambo a baƙin ido aka ɗiga irin wannan, gyambon faɗaɗa yake yi. Mu a asibiti kafin a ba da shi sai an taɓa idon da wata 'yar takarda mai rini ruwan lemo, a haska shuɗiyar fitila. Duk inda ya kurje ko ya yi gyambo sai ya fito kore shar. Minti biyu ne aikin, amma ido tsirara ba ya ganin abin da rinin ke nunawa.

Maman Hamdiya Kumasi:
Salamu alaikum daga Zango. Tun da kuna ta kiran Apolo, sunan daga wajenmu ya fito. A 1969 annobar ta ɓarke a Ghana, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a kan wata, sai mutane suka laƙaba mata sunan. Kakata tana ba mu labari, gida guda kowa ido jawur kamar an zuba jini. Tambayata Sista, shi Apolon na gaskiya bakteriya ne?

Sista Maman Nana:
A'a, bairos ne, kuma maganin kashe bakteriya ba ya yi masa komai. Yakan zo farat ɗaya, ya kama ido biyu, fata ta kumbura, jini ya kwanta a farin ido, ya bi gida da makaranta kamar wutar daji, ya lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Matsalar ita ce yanzu kowane jan ido Apolo muke ce masa, da an kira sunan kuwa sai a daina bincike.

Ummi Ƙarama:
Don Allah ku yi haƙuri na katse ku. Yayata ce ta haihu ranar Lahadi a gida, yau kwana 3. Tun jiya idon jaririn biyu suka kumbura suntum, ba ya buɗewa. Ɗazu da ake masa wanka ungozoma ta ɗan buɗa fatar, sai mugunya ta bulbulo kamar an matse maruru, an goge ta sake cika. Surukarta ta ce kwantsar haihuwa ce, a sa masa kwalli da nono, mai jego ba ta fita sai bayan suna. Shi ma irin na Sadik ne?

Sista Maman Nana:
Ummi, ajiye duk abin da kike yi. Wannan ba irin na Sadik ba ne ko kusa. A kai jaririn nan asibiti yau, yanzu, ba gobe ba, ba bayan suna ba. Babban asibiti mai sashen jarirai ko na ido. Kada a sa kwalli, kada a sa nono, kada a tsaya kemis. Kada kowa ya ƙara matsa idon. A goge abin da ya fito waje kawai da auduga mai tsabta, mai gogewa ta wanke hannu da sabulu, ta kuma kiyaye kada ya fantsar mata a ido.

Mugunya mai yawa haka da kumburi tsakanin kwana 2 zuwa 5 da haihuwa, abin da muke fara tsoro shi ne ƙwayar da jariri ke ɗauka a hanyar haihuwa, mai iya huda baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganinta allura ce, ɗigo kaɗai ba ya isa.

Baban Ilham:
Ummi ki ji maganar Sista. Ni da nake sayar da magani nake gaya miki, wannan ba na kemis ba ne. In ba abin hawa ku tari Keke Napep.

Ummi Ƙarama:
Matsalar surukar ce, kuma mijin yana kasuwa.

Hajiya Kaka:
'Yata, kira mijin a waya ki ce ya taho. Ita kuma surukar ki je ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce ma'aikaciyar asibitin ido ce ta ce idon jikanta na cikin hatsari. Kada ki ce mata ta yi kuskure, ki ce ta zo ta raka ku, ita za ta riƙe jaririn. Ba kakar da za ta so jikanta ya makance. Ni da na ce a sa nono ɗazu, ban san akwai irin wannan ba. Mai jego ta lulluɓa da kyau ta fita, lalura ce.

Ummi Ƙarama:
To Hajiya, bari in gwada. Ku sa mu a addu'a.

Abban Fa'iz:
Allah ya sa a dace. Irin wannan ne inda aikinmu ke da amfani sosai. Yaro kamar Sadik ba sai an ɗauki samfur ba, kafin sakamako ya fito ya ma fara warkewa. Amma jariri, ko mai mugunya da ta wuce misali, ko mai gyambo a baƙin ido, ko wanda ya yi kwanaki kan magani ba sauƙi, ana ɗaukar mugunyar da ɗan tsinke mai auduga daga cikin fatar ido ta ƙasa. Mu shafa a gilashi mu rina da rinin Gram, wanda wani likita ɗan Denmak ya ƙirƙiro tun 1884, mu duba a madubin likita. Ƙwayar sanyi, wato gonoriya, tana fitowa ja-ja, bibbiyu, kamar ƙwayar wake biyu suna fuskantar juna a cikin ƙwayoyin mugunya. Cikin awa guda za a iya sani. Sauran samfurin mu shuka shi, kwana 2 zuwa 3 ya tsiro, mu gwada wane magani ke kashe shi. Roƙona ɗaya: a ɗauki samfur kafin a fara magani. In an riga an yi kwana uku ana ɗiga abubuwa, sau da yawa ba abin da ke tsirowa, sai a ce aikinmu ne bai yi kyau ba. Su kuma likitoci ba sa jiran shukar kafin su yi wa jariri allura.

Malama Ummu Khairi:
Abban Fa'iz, kalmar nan da ka kira tana da nauyi. In dangin miji suka ji an ce ciwon sanyi, yarinyar nan za a ɗora wa. Na ga auren da irin wannan maganar ta girgiza.

Sista Maman Nana:
Malama kin taɓo inda ke mana ciwo. Na farko, ba mu ce shi ne ba, gwaji ne zai nuna. Akwai wata ƙwayar, kilamidiya, da ke bayyana daga kwana 5 zuwa 14, ita kuma maganin sha ake ba jariri don tana iya sauka huhu. Akwai kuma bakteriyar fata ta yau da kullum. Na biyu, mata da yawa suna ɗauke da waɗannan ba su da wata alama, ba su ma san daga ina ta zo ba. In gwaji ya tabbatar, uwa da uba duka ake yi wa magani, in akwai abokiyar zama ita ma, kuma a sirrance ake faɗa wa ma'auratan, ba a gaban dangi ba. Haihuwar asibiti ana shafa wa jariri man ido na tetracycline da zarar ya faɗo don rigakafin wannan. Wanda aka haifa a gida ya kamata a kai shi a ranar.

Wani abu kuma tun da ana maganar jarirai. Maganin cibiya, chlorhexidine, ba na ido ba ne. An samu jarirai da suka makance saboda an ɗauka maganin ido ne aka sa musu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2019. A raba musu wurin ajiya.

Maman Amira:
Sista kin tsorata ni. 'Yata wata 4, tun tana sati uku idonta ɗaya ke hawaye da 'yar kwantsa, amma bai yi ja ba, bai kumbura ba.

Sista Maman Nana:
Wannan ya fi kama da toshewar hanyar hawaye, 'yar kafar da ke kai hawaye cikin hanci. Kusan 9 cikin 10 suna buɗewa da kansu kafin shekara. Ki kai ta a duba sau ɗaya, a koya miki yadda ake tausa gefen hanci. In dai kin ga baƙin idon ya fi ɗayan girma, ko ya yi hazo, ko tana gudun haske, ko wani fari na haskawa a tsakiyar idon, to kada ki jira.

Maman Rabi Maraɗi:
Ina gaida kowa. Ba ku yi zancen amodari ba, shi ma bakteriya ne. A ƙauyenmu ma'aikatan gidan likita kan zo lakwal, wato makaranta, su juya fatar idon yara ta sama su duba. Na tsaya kusa na gani, wasu 'yan ƙuraje ne farare-farare kamar ƙwayar gero a jere a ciki. Yaron ba ya kukan komai, daga waje ba ka ganin ja sosai, sai 'yar kwantsa da ƙudaje a fuska. Innata da shi ta tsufa, gashin idonta ya juya ciki yana gogar ido, kullum da 'yar matsefata a wuya tana tsigewa, sai da aka yi mata aiki.

Sista Maman Nana:
Haka ne Maman Rabi. Yara 'yan shekara 1 zuwa 9 ake dubawa, in an ga ƙurajen nan biyar ko fiye a fatar sama an san yana nan. Kamuwa a kai a kai tun yarinta ita ke barin tabon da ke juya gashin ido a girma. Shi ya sa ake rabon maganin azithromycin gari guda, ana kuma nacin wanke fuskar yara. Ghana ta rabu da shi a matsayin matsalar lafiyar al'umma tun 2018.

Malama Ummu Khairi:
Ni tambayata ta makaranta ce. Ajina yara 40 ne a tabarma ɗaya. In mayar da mai ciwon ido gida?

Sista Maman Nana:
In mugunya na zuba, ya huta a gida har ta tsaya, musamman ƙanana da ba sa iya kame hannu. A gida a ware masa tawul da matashi, kada a yi tarayyar tsinken kwalli, mai sa masa magani ta wanke hannu kafin da bayan.

Maman Sadik:
Mun dawo daga asibiti. Likita ya leƙa kunnen ya ce na dama ya kamu, ya rubuta na sha da man shafawa a ido. Ya ce in kwana biyu suka wuce ba sauƙi, ko fatar idon ta kumbura da zazzaɓi, in dawo da shi ba jira. Na gode muku ƙwarai. Ummi shiru, ko lafiya?

Ummi Ƙarama:
Afuwan, caji ne ya ƙare. Muna asibiti tun la'asar, surukar ce ma ta goyo shi da kanta. An ɗauki mugunyar, an yi masa allura, an ba mu gado, nas na zuwa tana wanke idon a kai a kai. Likitan ido ya buɗa da wani ɗan ƙarfe ya haska, ya ce na dama garau yake, na hagu akwai ɗan hazo a gefe amma bai huje ba, da safe zai sake dubawa. Sun ce mijin ma ya zo gobe suna son ganinsa.

Hajiya Kaka:
Allah ya tashi kafaɗarsa, ya raya mana shi da idonsa biyu. Ki gaida mai jego, a samu a kai mata kunun kanwa da zafinsa, daren asibiti akwai sanyi.

Sista Maman Nana:
Amin Hajiya. Ummi, ko kun ga kumburin ya saɓe gobe kada ku nemi sallama saboda shirin suna, sai likitan idon ya ce ku tafi. Ki sanar da mu abin da ya ce kan na hagun.